Idon Don Nicanor da Tef Ɗin Matarsa

Shekara ashirin da biyu Don Nicanor Peguero ya yi yana riƙe wa ƙungiyar ƙwallon kwando ta Tizones agogo, kuma ko sau ɗaya bai taɓa yarda cewa aikinsa ke nan ba. In ka tambaye shi sai ya ce maka shi mai ido ne. Wai da ya ga yadda saurayi ke ɗaure igiyar takalmi, ya san ko zai yi ƙwallo ko ba zai yi ba. Duk ɗan wasan da ya yi suna a garin Santa Rufina, Don Nicanor ne ya fara hango shi. Wanda ya lalace kuwa, ai dama ya faɗa, ba a dai saurare shi ba ne.

A wannan bazarar Tizones sun gama kakar wasa suna na ƙarshe, don haka suka shiga farautar 'yan wasa da gaske. Suka sabunta wa tsofaffinsu kwantiragi, suka ɗauko dogaye biyu daga birni, gurbi ɗaya tak ya rage. Ranar Juma'a da tsakar rana kuma za a rufe rajista.

Ranar Litinin da la'asar ana buga domino a ƙofar kantin Don Belarminio, shugaban ƙungiyar. Nicanor ne ya tsaya wa 'yarsa a matsayin uba ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna compadre.

"Ni dai ina ganin mu ba Dariel gurbin nan," in ji Belarminio. "Ɗan unguwa ne, a filinmu ya girma, kuma a gasar matasa ta bazarar nan maki ashirin-ashirin yake ci."

Nicanor ya buga domino a tebur har kofunan kofi suka yi tsalle.

"Dariel? Haba compadre! Wanda ke jifa daga nesa kamar mai kakkaɓo mangwaro? Mutane ba jifa suke zuwa kallo ba. So suke su ga mutum ya tashi sama, ya danna ƙwallo cikin kwando da hannunsa, ƙarfe ya yi kuka!"

"To ina za mu samo mai tashin?"

"Ka ba ni kwana uku."

"Kai ɗin?" in ji wani daga cikin 'yan domino. "Kai da bara sau biyu kana manta tsayar da agogo?"

"Ba mantuwa ba ce, nazarin 'yan wasa nake yi. Kai ina ka san nazari?"

Belarminio ya daɗe yana sosa haɓa. Mutum ne mai jin nauyin zumunci, kuma ya gaji da jin zancen idon nan.

"Shi ke nan, compadre. Gurbin naka ne. Ranar Lahadi muna da wasan gwaji da Alacranes a filinmu. In wanda ka kawo ya burge jama'a, ka bar agogo, ka zauna benci kusa da koci da rigarka mai suna. In kuwa ya ba mu kunya, kai da agogo sai mutuwa, kuma kada in sake jin kalmar ido a ƙofar kantin nan."

Nicanor ya miƙa hannu suka tafa. Bencin nan shi ne abin da ya fi so a duniya, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Washegari da safe matarsa Doña Ercilia ta same shi gaban madubi yana gyara hular kaba. Ita ce telar da ke ɗinka wa Tizones riguna, kuma tun da ya aure ta bai taɓa ganin wuyanta babu tef ɗin awo ba, sai ranar ɗaurin aure.

"Tsoho, ina zuwa da wannan gayu?"

"Aikin manya. Ki fara ɗinka mini riga ja, ki rubuta Mai Zaƙulo 'Yan Wasa a ƙirji, da zaren ruwan zinare."

"To, ungo tef ɗina na biyu ka tafi da shi. Ko ba komai ka auna tsayin wanda za ka ɗauko."

Ya yi dariya ya nuna idonsa na dama.

"Ga tef nan, Allah ya ɗora mini tun a ciki."

"Wannan tef ɗin ne ya sayo mana labule da bai kai rabin taga ba?"

"Tagar ce ta cika tsayi."

Ranar Talata ya zaga garuruwa biyu inda ake gasar matasa. A na farko ya ƙi wani dogo saboda yana tauna cingam da gefen hagu. A na biyu barci ya kwashe shi a kan kujera bayan ya cika ciki da dakakkiyar ayaba da soyayyen cuku, bai farka ba sai da ake share fili. Ranar Laraba wani ɗan acaɓa ya ce masa in masu tsalle yake nema, ya tafi Vuelta Honda, wani ƙauye a bakin kogi.

Da isarsa ya nufi fili kai a sama. Bai lura cewa daɓen filin ya ɗara ƙasa tudu ba, ya yi tuntuɓe da gefensa ya kife, hula ta yi nata wuri. Wani dattijo mai sayar da ruwan rake ya ɗago shi yana kakkaɓe masa wando.

"Sannu, Don. Duk baƙo sai ya gaisa da dakalin nan. Ka ga kogi kan cinye mana fili, to duk magajin garin da ke neman ƙuri'a sai ya zo ya malala sabon siminti a kan tsohon, ya yi fenti, ya ɗauki hoto. Huɗu suka yi mana haka. Ƙarafan kwando ne kawai ba wanda ya taɓa tun zamanin kakana."

"Madalla, madalla," in ji Nicanor, hankalinsa na can cikin fili.

Abin da ya gani ya sa bakinsa ya ƙi rufuwa. Kowa a filin nan tashi yake. Dogo ya danna, gajere ya danna, har wani mai tumbi ya danna ya sauko yana gyara wando. A cikinsu kuwa akwai wani siriri mai suna Yeuri, wanda ke juyawa a sama ya danna ta baya, ya danna da hagu, ya danna yana gaisawa da 'yan kallo.

"Dattijo, me kuke ci a garin nan?"

"Rogo da kifi. Ai nan kowa na dannawa, Don. Ko fadan cocinmu ya danna ranar bikin waliyyi, da doguwar rigarsa."

"Ruwan kogin ne," in ji Nicanor da muryar masana. "Akwai sinadari a ciki."

Da aka tashi ya je ya tsaya ƙarƙashin kwando, ya ji kamar shi ma ya ƙara tsayi, ya ce a ransa iskar ƙauye ce. Kafin rana ta faɗi ya shawo kan uwar Yeuri, ranar Alhamis ya iso Santa Rufina da shi a bayan acaɓa, ranar Juma'a da hantsi aka sa hannu. Da la'asar labari ya zo cewa Alacranes, abokan hamayyarsu na tsallaken kasuwa, sun ɗauke Dariel.

"Su kai shi gonar mangwaro," in ji Nicanor. Sannan ya yi hayar mota mai lasifika ta zaga gari tana shelar cewa ranar Lahadi Jirgin Vuelta Honda, wanda ruwan kogi ya ba ƙarfin tsalle, zai tashi.

Da yamma ya kai Yeuri gida a auna masa riga. Doña Ercilia ta zare tef, ta auna kafaɗa, ta auna hannu, sannan ta sa shi ya jingina da bango.

"Ƙafa biyar da inci takwas," ta ce. "Ɗana, kai ne Jirgin?"

"Haka Don Nicanor ya ce, Doña."

"Kuma kana danna ƙwallo cikin kwando? Da tsani?"

"Mata dai!" in ji Nicanor. "Tsalle ba a tef yake ba."

Amma maganar ta tsaya masa a rai. Asabar da sassafe, kafin masu share titi su fito, ya ja Yeuri zuwa filin Tizones, ya miƙa masa ƙwallo ya ce ya ɗan nuna masa irin ta ranar Laraba. Yeuri ya ja da baya, ya sheƙo, ya tashi. Ƙwallo ta daki ƙasan ƙarfe ta dawo ta buge masa goshi. Ya sake, yatsunsa suka shafi raga kawai. A karo na uku ya zauna a ƙasa yana kallon sama da mamaki.

"Don, wa ya ɗage muku kwando?"

"Ba wanda ya ɗage. Ƙafa goma ne, kamar na ko'ina."

"A'a, namu bai kai nan ba. Ni ban taɓa wasa a wani fili ba, amma wannan ai zalunci ne."

A nan ne maganar mai ruwan rake ta dawo wa Don Nicanor, kalma bayan kalma. Siminti huɗu, ɗaya kan ɗaya, ƙarafa kuwa ba wanda ya taɓa. Gwiwar da ya buge a dakalin nan ta ɗauki zogi kamar tana yi masa dariya. Ga shi kuma an rufe rajista tun jiya.

Da wani ne, da ya je ya faɗa wa compadre gaskiya. Shi kuwa sai ya tafi wurin mai gyaran takalmi ya sa aka liƙa wa takalman Yeuri tayar mota ninki uku. Yeuri ya miƙe ya yi taku biyu kamar jaririn raƙumi, ya gurɗe ƙafa, da ƙyar ya dafa bango. Aka ɓamɓare taya. Nicanor ya dafa masa shayin wani ganye da ya ce yana sa jiki sakayau, Yeuri ya yi hantsin nan duka a bayan gida.

Da azahar dabara ta ƙarshe ta zo masa, har ya yi mamakin kaifin ƙwaƙwalwarsa. Tunda Yeuri ya ƙi hawa wurin kwando, ai sai kwando ya sauko wurin Yeuri.

Ya sami Monchi mai walda yana shirin kishingiɗa.

"Monchi, ɗan'uwana, aikin minti talatin ne. Ka yanke ƙarfen da ke riƙe da allo, ka zame shi ƙasa ƙafa guda, ka liƙe. Duka biyun."

"Don me, Don Nica?"

"Sabuwar doka ce daga birni. Sirri ne tukuna."

"Doka mai sirri?"

"Kai dai yi aikinka."

Tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na rana ko kare ba ya yawo a Santa Rufina. Suka fara da kwandon yamma. Monchi ya yanke, Nicanor ya tallafe allo yana nishi, aka zame shi ƙasa. Monchi ya ɗiga walda biyu ke nan, fanka a shagon da ke kallon fili ta tsaya cak. An ɗauke wuta.

"Ɗigo biyu ne kawai, Don. Bai kama ba."

"Ya kama. Na gani da idona."

Suka jira har inuwa ta juya, wuta ba ta dawo ba, mutane suka fara fitowa. Nicanor ya shafe wurin da jan fenti, ya zauna yana lissafi. A wasan gwaji baƙi ke zaɓen gefe, kuma tun da aka gina filin nan ba baƙon da ya taɓa zaɓen kwandon yamma a rabin farko, don da ƙarfe huɗu rana na dukan ido ta can. Ashe ke nan Tizones ne za su fara da gajeren kwando. Yeuri ya tashi sau biyar ko shida, jama'a su haukace, sai shi Nicanor ya ce a hutar da shi. Sauran kuma sai a san yadda za a yi.

Lahadi fili ya cika maƙil, har kan katanga da rufin kanti. Masu ganga sun zo, masu soyayyen nama sun kafa kasko. Don Nicanor ya shigo cikin jar rigarsa mai zaren zinare yana ɗaga wa mutane hannu, ya zauna a benci tun ba a ce ya zauna ba.

Alacranes suka fito ɗumama jiki. Dariel, wanda ya yi shekara goma sha biyu yana jifan kwandon yamma safe da yamma, ya tsaya ya dube shi. Ya karkata kai ya sake dubawa. Sai ya rufe baki da hannu, ya je ya raɗa wa kocinsu magana.

"Baƙi, wane gefe?" in ji alƙalin wasa.

"Yamma," in ji kocin Alacranes.

Nicanor ya miƙe zumbur.

"Rana fa! Rana za ta kashe muku ido! Ni tausayinku nake ji!"

"Mun gode, Don Nica. Muna son rana."

Aka busa usur. Ƙwallon farko Dariel ya karɓa, wanda bai taɓa dannawa ba a rayuwarsa, ya sheƙa ya tashi ya danna da hannu biyu. Da ya sauko ya biyo ta gaban benci.

"Don Nicanor, mangwaro ɗaya ya faɗo!"

Daga nan abin ya zama layi. Kowane ɗan Alacranes sai da ya ɗana. Har Papo, ɗan shekara arba'in da ɗaya mai tumbi kamar tulu, wanda rabonsa da taɓa ƙarfe tun kafin ya yi aure, ya yunƙura ya danna. Ya sauko ya fashe da kuka, ya ruga cikin 'yan kallo ya rungume matarsa.

A ɗaya gefen kuwa Jirgi ya kasa barin ƙasa. Yeuri ya tashi, ƙwallo ta daki ƙarfe. Ya sake tashi, ya rungumo raga ya faɗo.

"Don Nica, jirgin ba mai ne?" wani ya ƙwala daga kan katanga.

"A tura shi, ko zai tashi!"

"Wannan ai acaɓa ce aka yi wa fenti!"

Belarminio ya matso kusa da Nicanor, fuska ba annuri.

"Compadre, me nake gani haka?"

"Dabara ce. Yana ɓoye ƙarfinsa ne. Ka jira a juya."

"Papo fa? Shi ma ruwan kogin ya sha?"

Nicanor ya yi kamar ganga ta hana shi ji.

Aka dawo daga hutun rabin lokaci, aka juya gefe. Yeuri ya ɗaga kai ya ga kwandon yamma, fuskarsa ta washe kamar ya hango uwarsa a tasha. Aka ba shi ƙwallo. Ya wuce mutum ɗaya, ya wuce na biyu, ya tashi, ya juya a sama, ya danna ta baya da ƙarfin da ya tara tun jiya, ya kama ƙarfe ya yi lilo.

Fili ya ɗauki ihu. Don Nicanor ya haye kan benci yana dukan ƙirji.

"Kun gani! Ido! Na ce muku ido!"

Sai aka ji ƙiiii. Allon ya sunkuyar da kai a hankali, kamar mai gaida surukai, Yeuri na rataye, yana saukowa, yana saukowa, har tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa. Ya tsaya riƙe da kwando a daidai ƙirjinsa, ya rasa ko ya saki ko ya ci gaba da riƙewa. Masu ganga suka tsaya. Ana jin ƙarar mai a kaskon soyayyen nama.

"Wane ɗan iskan mai walda ne ya yi wannan aiki?" in ji alƙalin wasa.

Monchi ya miƙe daga cikin jama'a, ransa a ɓace, don an taɓa sana'arsa.

"Kada wanda ya zage ni! Na gaya wa Don Nica ɗigo biyu ba ya riƙe allo! Da ba a ɗauke wuta ba, da na sauke duka biyun ƙafa guda-guda, yadda sabuwar dokar ta ce!"

"Wace doka?"

"Ta sirrin mana!"

Kai dubu suka juyo wurin benci. Don Nicanor na tsaye a kai har yanzu, hannu ɗaya a ƙirji.

"Ƙafa guda ina?" ya ce da wata siririyar murya. "Ɗan gyara ne. Inci biyu ne, ko uku. Idona ba ya ƙarya."

"Wa ke da abin awo?" in ji alƙalin wasa.

Doña Ercilia ta taso daga layin gaba tana zare tef daga wuya. Nicanor ya yi mata kallon roƙo irin wanda bai yi mata ba tun suna saurayi da budurwa. Ta wuce shi, ta sa Dariel ya hau kujera ya kama bakin tef a tsohon tabon walda, ita kuma ta ja zuwa inda jan fenti ke naso.

"Inci goma sha biyu cif," ta ce. "Ka yi haƙuri, tsoho. Ni tela ce."

"Yauwa!" in ji Yeuri da murna. "Daidai da namu na gida ke nan!"

Dariyar da aka yi har a tsallaken kasuwa an ji ta. Belarminio ya dafe ciki yana share hawaye, ya kasa ko yin faɗa. Da ya samu numfashi ya ce Yeuri zai zauna, tunda an sa hannu, kuma yaron akwai gudu da iya miƙa ƙwallo, koci zai koya masa jifa daga nesa. Sannan ya je tebur ya ɗauko agogo, ya kama hannun Nicanor ya damƙa masa.

"Compadre, ga abokinka. Ya yi kewarka."

Nicanor ya dubi benci, ya dubi agogo. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don minti arba'in kacal ya yi a kan katakon da ya yi shekara ashirin da biyu yana hange. Ya sauko a hankali ya koma tebur.

Ranar Litinin da la'asar sai ga shi a ƙofar kanti kamar ba abin da ya faru. Ya ja kujera ya zauna, ya juya domino.

"Ku faɗi abin da za ku faɗa," ya ce, "amma wa ya gano cewa Papo na da sauran tsalle? Duk garin nan wa ya hango? Ai sai mai i..."

"Compadre," in ji Belarminio, ya ɗaga yatsa. "Mun yi alkawari."

Nicanor ya haɗiye sauran kalmar. Ana cikin haka Doña Ercilia ta biyo ta hanyar kasuwa, ta ajiye masa jar rigarsa a cinya, a wanke a goge. Ya warware ta. Ta farke zaren zinaren tas, a wurin rubutun ta ɗinka aljihu, a cikin aljihun kuma ga tef ɗinta na biyu a naɗe.

"Wannan kuma na mene ne?" ya ce.

"Gobe za ka sayo mana labule," in ji ta.